Garkuwar da Aka Fasa a Gaban Ottilie

Yayata ta auri yarima, ta zauna da shi shekara talatin da wani abu, amma Ottilie Zeitler aka haife ta, Ottilie Zeitler kuma aka binne ta. Ko da wasa ba wanda ya taɓa kiranta gimbiya. Ni ce ƙanwarta Babette, mai sayar da kifi a kasuwar Dornfels, kuma tun da duk masu ƙaryata ni sun riga ni kwanciya a maƙabartar bayan coci, zan faɗi abin yadda ya faru. In na yi zafi a wani wuri a yi haƙuri, haka nake tun ina yarinya, kuma wannan maganar ba ta taɓa hucewa a raina ba.

Babanmu ne mai kula da tafkunan kifin fada. Kowace kaka sai a ɗaga ƙofar ruwa, tafki ya tsiyaye, mu duka mu shiga taɓo har gwiwa muna kwasar kifi cikin kwanduna, sanyi yana yanka mana yatsu. Ottilie ta fi kowane namiji ɗaukar kwando. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta jajaye kullum, in ta yi dariya daga wancan bakin tafki ake ji. Ba wata kyakkyawa ba ce. Ni na fi ta kyau, duk garin an san haka, amma ni mai yin ganga na samu na aura.

Yarima Kasimir ƙaramin ɗa ne a gidansu, ba a taɓa sa masa rai da sarauta ba. Ya dawo daga yaƙin Faransa da ƙafa ɗaya a sandare, bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke wansa ba ɗa ba jika, sai ga shi shi kaɗai ne namijin da ya rage a gidan Dornfels. Mutum ne shiru-shiru, ya fi son kallon ruwa a kan zama da baƙi. Wata kaka ya sauko kallon kwasar kifi, ƙafar nan ta zame, ya zauna daram cikin taɓo. Maza suka tsaya suna kallon juna, kowa yana tsoron taɓa jikin sarauta. Ottilie ta ajiye kwandonta, ta kama shi ta hammata ta tsayar da shi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan takalmin na zuwa gidan rawa ne. Gobe in za ka dawo ka aro na babana."

Washegari ya dawo, da takalmin da ya dace. Daga nan ne fa.

Gidan Dornfels yana da dokarsa tun kakannin kakanni: yarima ba ya auren wadda gidansu bai kai nasa ba. In ya nace, to a ɗaura, amma matar ba ta ɗaukar sunansa, 'ya'yanta ba su gadon ƙasa, ba su gadon suna, ba su gadon tambarin gida. Ya nace, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Aka ɗaura auren ranar Talata da safe, a ɗan ɗakin addu'a na gefen coci, ba a kaɗa ƙararrawa ba. Da fasto ya ce su haɗa hannu, sai Yarima ya miƙa mata na hagu, domin haka dokar ta ce. Ina tsaye a bayanta, na ga wuyanta ya yi ja har kunne. Innarmu ta kwana biyu tana curin dankali da gasa agwagi, amma ko mai wanke-wanke ba a turo daga fada ba. Mu muka cinye abinmu, har da karnukan maƙwabta.

Aka ba ta gidan mai lambu da ke gindin katanga. A can sama ɗakuna birjik, ɓeraye ne kawai ke yawo a ciki, amma matar mai gidan ba ta da ikon kwana a ko ɗaya. Kullum da yamma sai ka hango Yarima yana gangarowa da sandarsa, ya ci miyar kifi a teburinta, ya cire takalmi ya miƙa ƙafar nan kusa da murhu. Ran Lahadi kuwa shi yana can a benen sarauta na coci, a kan kujera mai matashi, ita tana ƙasa tare da mu masu ƙarnin kifi. Idan aka tashi ya gaishe ta daga nesa da ɗan sunkuyar da kai, kamar yadda yake gaida matar likita. Ta jure wannan duka ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ta kan ce ita ta san abin da ta shiga da idonta biyu. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda za ta ji in ta haihu.

Ta haifi Leonhard a shekara ta biyu. Wannan yaro ko makaho ya shafa fuskarsa ya san ɗan waye: doguwar haɓar Dornfels, da kunnuwan nan nasu masu tsayuwa. Sau ɗaya na taɓa ratsa babban zauren fada, ranar da na kai kifi kuku ya ce ƙofar baya a toshe take. A bango an zana bishiyar zuriyarsu, tun daga saiwa har rassa, kowane ganye da sunan wani. Na ga yaran da suka mutu da kwana uku a duniya, kowanne da ganyensa. Na ga wani da aka ce ya kashe ƙaninsa, da ganyensa, har da ruwan zinariya. A can ƙarshe ga Kasimir, gefensa farin bango, ƙasansa farin bango. A lokacin Leonhard yana ta gudu a lambu, bai fi jifa ɗaya daga tagar zauren ba. Na fito na gaya wa Ottilie. Da na sani na yi shiru, domin daga ranar ta sa abu ɗaya a gaba, wato a ƙirga ɗanta.

Kowace bazara dangin sarauta na nesa da na kusa sukan yi taro a birni, kuma su kaɗai ke da ikon sassauta dokar. Kowace bazara Ottilie takan goge wa mijinta kwat, ta gyara masa wuyan riga, ta raka shi har keken doki.

"Kasimir, wannan karon ka buɗe baki."

"Zan yi magana, Otti. Na shirya abin da zan faɗa."

Bayan mako ɗaya ya dawo da kwalin alewa.

"Yaya aka yi?"

"Lokacin bai yi ba tukuna. Eberhard ya zo da ciwon gwiwa, ransa a ɓace yake."

Eberhard ɗin nan ɗan'uwansa ne na nesa, shugaban reshen Aich, waɗanda suka rabu da namu tun shekaru ɗari uku, da tambarinsu daban. In Kasimir ya mutu ba magaji, daji da tafkuna da fada duk hannun Eberhard za su faɗa. Ka ji wanda ake jiran gwiwarsa ta warke don ya yafe wannan duka. Wata shekarar aka ce ana makokin wata gwaggo, wata shekarar aka ce an shagala da bikin wata jika. Ni na taɓa tare shi a ƙofar lambu na ce, "Ranka ya daɗe, Faransawa ka iya tsayawa a gabansu, amma ba ka iya tsayawa a gaban tsoho mai ciwon gwiwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Babette, bakinki ya fi bindigarsu." Shi ke nan abin da na samu. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, kuma kirkin nan nasa ya fi muguntar wasu cutar da yayata.

Da Leonhard ya tasa aka tura shi makarantar 'ya'yan manya a birni. Can suka sa masa suna Yariman Kifi. In ya shigo ɗakin cin abinci sai su toshe hanci. Bai cika shekara uku ba ya tattaro kayansa ya dawo, ya wuce shagon tsoho Hufnagel kafinta ya ce a koya masa aiki. Ottilie ta yi faɗa, ta yi kuka, ta daina cin abinci. Ubansa ya ce, "A bar shi, Otti, aikin hannu ba abin kunya ba ne." Da sauƙi a bakinsa mana, an rage masa abin da zai faɗa a taro. Leonhard ya ƙware, ya gaji shagon, ya auri Lisbeth 'yar mai burodi, suka haifi 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya. Duk ƙofar da ta lalace a fada shi ake kira, ya shiga ta baya da akwatin kayan aikinsa, ya cire hula in ya haɗu da ubansa a baranda. Ottilie ba ta taɓa yarda wannan ne ƙarshen maganar ba. A wurinta ɗanta yarima ne da ake ajiye da shi a shagon kafinta kafin a gyara kuskure.

Kasimir ya mutu a ƙarshen kakar 1911, bayan an gama kwasar kifi. A gidan mai lambu ya cika, a gadonta, kansa bisa cinyarta. Jikinsa bai gama sanyi ba barorin fada suka sauko da makara suka hau da shi sama, don kada a ce yariman Dornfels ya mutu a gindin katanga. Ba su tambaye ta ba. Ta bi su har ƙofar fada da silifas, mai gadi ya tsaya a gabanta yana kallon ƙasa.

Akwai abin da ake yi idan namijin ƙarshe na gidan sarauta ya mutu. Akan sassaƙa garkuwar katako, a zana tambarin gidan a kanta, a ɗauke ta a bayan gawa. Idan an sauke akwatin cikin ɗakin kabarin da ke ƙarƙashin coci, sai magaji ya ɗaga garkuwar, ya kira sunan gidan, ya buga ta a bakin dutse ta rabe, a jefa gutsattsarin a kan akwatin. Ma'anarsa iri ya ƙare, ba sauran namiji. Kakarmu ta ba mu labarin an yi wa wani gida haka a zamaninta, amma mu ba mu taɓa gani ba. To wakilin fada, Stiegler, wani siririn mutum mai tafiya kamar yana taka ƙwai, bai ga wanda zai ba aikin sassaƙa garkuwar ba sai Leonhard. Ni na fara ji a kasuwa, na rufe kwandona na nufi gidan mai lambu. Ban gama faɗa ba sai ga Stiegler ɗin da kansa ya zo sanar da ita inda za ta tsaya ranar jana'iza.

Ya ce, "An ware miki wuri mai kyau, bayan ma'aikatan gida, gaban mutanen gari."

Ottilie ta ce, "Bayan kuku ko gabansa?"

"Bayansa kaɗan."

"To, na gode. Stiegler, gaskiya ne ka ba ɗana aikin garkuwa?"

"Ai duk aikin katako na fada shi ke yi. Da na kai wa wani, da an ce na raina shi."

"Ɗan mamacin ne zai sassaƙa shaidar cewa mamacin bai bar ɗa ba."

"A wajen doka..."

"Kai ka riƙe shi a hannunka ranar da aka yi masa baftisma, har ya jiƙa maka riga. Dokar ce ta jiƙa ka?"

Stiegler ya juya hularsa a hannu, ya ce shi ɗan aike ne, ya fita da baya. Na so in bi shi da tsintsiya, Ottilie ta riƙe ni. Ta zaunar da ni kusa da murhu, ta ce, "Babette, kin san da wane ice ake yin ta?" Na ce ina zan sani. Ta ce Kasimir ya taɓa gaya mata, da linde ake yi, farin icen nan mai laushi, sannan a bi bayanta da zarto har kusan rabi a rufe da fenti, don ta rabe da bugu ɗaya kada magaji ya ji kunya.

Ta ce, "To in ba ta rabe ba fa?"

A rumbun babanmu akwai tsohon katakon ƙofar ruwa, wanda aka cire tun muna 'yan mata. Baƙin ice ne mai tauri, ya sha ruwan tafki shekaru aru-aru har ƙusa ba ta shigarsa sai ta lanƙwashe. Mu biyu, tsofaffin mata, muka ciccibe shi muka ɗora a amalanken kifi. Ta ƙi mu bi ta bayan gari. Da rana tsaka muka ratsa kasuwa, ita da baƙaƙen kayan makoki tana ja, ni ina turawa ina haki. Ba wanda ya tambaye mu, kuma kafin mu kai shagon ba wanda bai gane ba. Mahauci ya cire hularsa da muka wuce.

Muka sami Leonhard yana auna wani katako. Ya dube mu, ya dubi amalanken.

"Mama, me ya kawo wannan?"

"Da shi za ka yi garkuwar ubanka. Kuma ba zarto a bayanta."

"Mama..."

"Ban roƙe ka komai ba tun da ka zubar da makaranta. Ban ce ka je kotu ba, ban ce ka yi faɗa da kowa ba. Eberhard ya kwashe dajin da tafkunan, ya ci ya ƙoshi. Abu ɗaya nake so. Ya ɗaga ta a gaban duk garin nan ya buga, ta ƙi. Ya sake bugawa, ta ƙi. Sai ya juyo ya ga fuskarka."

Na ce, "Ɗan nan, in ma guduma ya ɗauko sai dai gudumar ta ji jiki."

Bai yi dariya ba. Ya shafa katakon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Inna Babette, ku kuka ɗauko wannan da kanku? Ai da kun aiko."

"Ba wannan aka tambaye ka ba," in ji Ottilie.

Ya janye hannunsa daga katakon. Can ya ce, "Na ji, Mama." Ya kira ma'aikatansa suka shigar da katakon ciki.

A hanya Ottilie ta kama hannuna ta matse. Tun rasuwar mijinta ban ga ta miƙe tsaye sosai ba sai ranar. A kwanakin da suka rage kafin jana'iza ta ci abinci, ta wanke gashinta, ta sa aka gyara mata baƙar rigarta. Ta ce mini, "Ashe jinin yana nan, Babette. Shiru kawai ya yi." Ni ma haka na ɗauka, duk garin ma haka. Mata suna zuwa sayen kifi suna raɗa mini cewa ko da rarrafe sai sun je coci.

Ranar jana'iza dusar ƙanƙara ta fara sauka. Baƙi suka cika gari da kekunan doki, maza da lambobi a ƙirji, mata da baƙin mayafi har ƙasa, mutanen da ba su taɓa sanin irin miyar da mamacin yake so ba. Su suka cika kujerun gaba. Ottilie ta tsaya inda aka ce, bayan kuku, ni ina gefenta ko da ba a gayyace ni wurin ba. Leonhard yana can gefen ginshiƙi tare da masu ɗaukar akwati, domin akwatin ma shi ya yi. Fasto ya yi dogon wa'azi a kan itacen da ya yi shekaru ɗari shida yana ba da inuwa, yau ya faɗi. Bai dubi wajenmu ba ko sau ɗaya, alhali shi ya koya wa jikokin mamacin karatun addini.

Aka sauke akwatin ta matakalar dutse. Sai aka miƙa wa Eberhard garkuwar. Ta yi kyau, ban taɓa ganin aikin Leonhard da ya kai ta ba: ja wur, da baƙin aladen daji a tsakiya, da reshen ƙaya kewaye da shi, kowace ƙaya a fito da ita. Eberhard tsoho ne tukuf a lokacin, da sanda yake tafiya. Na ga ya ɗaga ta da hannu ɗaya ba wahala, gabana ya faɗi, amma na ce wa kaina wataƙila ya fi yadda nake zato ƙarfi. Cocin ya yi tsit. A bayanmu mutanen gari sun yi ɗage suna leƙe ta kan juna.

Ya ce, "Dornfels yau. Dornfels yau kaɗai. Daga yau babu Dornfels."

Ya sauke ta a bakin dutse. Ba ma bugu ba ne, ɗan taɓawa ne. Ta rabe gida biyu daidai, da 'yar ƙara kamar an karya busasshen burodi. Cikinta fari fat.

Na ji numfashin mutanen gari ya fita a tare. Ottilie ba ta motsa ba. Idonta yana kan farin icen nan har aka jefa shi ƙasa, muka ji ya faɗa a kan akwatin mijinta.

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. Eberhard ya karɓi sandarsa, ya tambayi Stiegler wa ya yi aikin, alhali ya sani sarai. Aka nuna masa. Ya taka har gindin ginshiƙi, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Na halarci irin wannan a wani gida, sai da aka buga sau huɗu, abin ba kyan gani. Kai ka san aikinka." Ya miƙa masa hannu. Wannan ne karo na farko da wani daga dangin nan ya taɓa hannun Leonhard. Shi kuwa ya karɓa, ya sunkuya, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," da haɓar nan irin ta Eberhard sak, suna fuskantar juna.

Ottilie ta ce mini a hankali, "Mu je gida, ƙanwata." Mutane suka buɗe mana hanya, ba wanda ya iya kallonta.

Washegari da safe na je shagon, ban ko yi sallama ba. Baƙin katakon yana jingine a bango, ko guntu ba a taɓa ba.

Na ce, "Kai, ɗan banza. Ka san abin da ka yi wa uwarka?"

Ya ajiye zarto. "Na sani, Inna."

"Ka ce mata ka ji."

"Na ji ɗin ne. Ban ce zan yi ba."

"Wannan wayon a fada ka koyo shi. Ubanka sak."

"A'a. Babana shekara talatin yana cewa zai yi, bai yi ba, bai kuma ce ba zai yi ba. Ni na gama da ita da bugu ɗaya." Ya share hannunsa a jikin riga. "Inna, tun ina ɗan yaro ake tsayar da ni a ƙofar gidan nan ana cewa in jira za a buɗe. Ban taɓa shiga ɗaki Mama ta ga ni ba, sai dai ta ga wanda aka hana wani abu. Ɗana Veit ya fara tambayata ko gaskiya ne fadar tasa ce, don kakarsa ta gaya masa. Da garkuwar nan ta ƙi fashewa, da shi ma haka zai tsufa a bakin ƙofa, shi da 'ya'yansa. Ni kafinta ne. Ina son a bar ni in zama kafinta."

"Sai ka gaya mata haka tun ranar, ba ka bar ta ta wanke gashi ta je coci ba."

Ya sunkuyar da kai. "Da na gaya mata, da ta kai katakon wani gari an yi mata. Kin san ta."

Na san ta kuwa. Wannan ya ƙara mini haushi, na ture masa gwangwanin ƙusa na fita. Har yau in na tuna maganarsa ina ganin akwai gaskiya a ciki, kuma har yau ban yafe masa sunkuyawar nan ba. Ya fasa garkuwarsa, to, tasa ce. Amma ya tsaya da wuyansa a miƙe mana.

Kafin bazara sabon yarima ya buƙaci gidan mai lambu, wai zai kawo mai lambu na gaske. Leonhard ya gyara wa uwarsa ɗaki a saman shago, ya yi mata sabon gado, Lisbeth ta ɗinka labule. Ottilie ta kwaso kayanta ta wuce ta gaban shagon ta zo gidana. Ta koma tsayawa tare da ni a kasuwa, tana fere kifi da hannuwan nan nata da suka yi laushi suka sake yin ja. Ba ta ƙara ambaton fada ba, ba ta ƙara ambaton gado ba, ko ga jikokinta, waɗanda take ba kan kifi su kai wa kyanwa. Abin da Leonhard yake so ya samu.

Sai dai ba ta ƙara kiran sunansa ba. Kowane hunturu yakan kawo mana itacen wuta ya jera a bayan gida, ta leƙo ta taga ta ce, "Sannu da aiki, kafinta." In ya zo sayen kifi ta ce, "Babette, auna wa kafinta mai kyau." Ba faɗa, ba ɗaga murya, har da murmushi. Yaƙi ya zo ya wuce, aka sauke sarakunan ƙasar gaba ɗaya, gwamnati ta ce daga yanzu yarima da mai kifi duk ɗaya ne a gaban doka. Na kawo mata labarin da gudu. Ta ce, "To," ta ci gaba da fere kifinta. Na roƙe ta ba sau ɗaya ba, na ce Yaya, ɗanki ne fa, shi kaɗai gare ki, furfura ta fara fito masa. Sai ta ce, "An sanar a coci mijina bai bar ɗa ba. Kina wurin."

Ta kwanta ciwo a shekara ta goma sha ɗaya bayan jana'izar, ƙirji ne ya kama ta. Da likita ya fito yana girgiza kai na aika a kira Leonhard. Ya zo da gudu daga shago, garin katako a gashinsa, ya durƙusa a bakin gado ya kama hannunta.

"Mama, ni ne. Leonhard ne."

Ta buɗe ido. Hankalinta ɗaya, na rantse, domin ba a daɗe ba ta gama yi mini faɗa a kan gishirin miya. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta dubi abin awon da ya leƙo daga aljihun rigarsa.

Ta ce, "Kafinta, ka zo ɗaukar awo ne? Ka ɗan zo da wuri. Dawo gobe."

Ya dawo washegari, ya ɗauki awon akwatin gawarta.